Daga Gusau Zuwa Argungu Da Buhun Takarda

Ranar Laraba da sassafe na isa tasha a Gusau, jaka a kafaɗa, buhu a hannu. Yaron mota ya sunkuci buhun da ƙarfinsa yana zaton hatsi ne, sai ya ji shi sakayau. Ya ce, "Malam, mene ne a ciki?" Na ce takarda ce, yankakkiya. Kwana huɗu ni da ƙannena muna yanka ta da almakashi, kowane yanki bai wuce faɗin farce ba.

Wani abokina ne, malamin Hausa a wata sakandare a Argungu, ya kira ni. Ya rubuta wa ɗalibansa wasan kwaikwayo a kan wani yaro da ya tafi karatun likita a Rasha, kuma akwai fitowar da yaron yake tsaye yana karanta wasiƙar mahaifiyarsa, dusar ƙanƙara tana zuba a kansa. Na daɗe ina aikin dandamali, ɗaura labule da saita fitilu, na kuma sha yin ƙarar ruwan sama da gero a kan faranti. Amma dusar ƙanƙara, ni kaina a talabijin kawai na san ta.

Tsakiyar hunturu ne, hazo ya rufe gabas har ana iya kallon rana ido da ido. Muka wuce Bunguɗu da Maru, motar tsit, kowa da addu'arsa a baki, domin hanya ce da direba mai hankali ba ya yarda dare ya same shi a kanta. Sai a Talata Mafara, inda ruwan madatsar Bakolori ya sa ƙasa ta yi kore, aka fara hira da cinikin rake ta taga. A Sakkwato na sauya mota, la'asar sakaliya ta yi mana a cikin fadamun shinkafar Argungu.

Ko ruwa ban gama sha ba muka nufi ɗakin taron. Dabarar da masu wasan dandamali suka daɗe suna yi ba ta da wuya a faɗa. Ana samun dogon yadi a ɗaura gefensa biyu a jikin gora biyu, ya yi lilo kamar zanin goyo, a tsattsaga ɓangare ɗaya, a zuba takardar a ɓangaren da ba tsaga. Gora ɗaya tana kafe, ɗayar tana da igiya. In aka sassauta igiyar aka ja, takardar ta gangaro kan tsagar ta riƙa zubowa. Muka rataye shi can sama bayan labulen goshi, inda 'yan kallo ba za su hango ba.

Gwajin farko takardar ta faɗo dunƙule-dunƙule, kamar an zazzage kwandon shara. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai sunanta dusa. Mi zai hana mu gwada dusa ta gaske?" Ban raina maganarsa ba, don garin shinkafa muke, dusa ba ta da tsada. Muka gwada. Ta zubo da nauyi, launinta na ƙasa, ƙura ta turnuƙe, yaron da ke fitowa a matsayin ɗalibin likita ya yi ta tari har da hawaye. Wani kuma ya kawo audugar rimi daga tsohon matashin kai. Ita kam ta yi kyau ƙwarai, tana shawagi kamar ba za ta sauka ba. Na ɗebi kaɗan na fita da su waje na ƙyasta ashana, kafin ƙiftawar ido ta cinye ƙurmus. A ɗakin da ke da fitilu masu zafi da yara fal, ban yarda da ita ba ko kusa. Na gaya musu cewa a Amurka an taɓa sayar da asbestos, irin wanda ake silin da shi, a matsayin dusar ƙanƙarar ado saboda ba ya kama wuta, daga baya aka gane yana lalata huhu. Abin da zai zuba a kan ɗan mutum, sai an duba shi ta kowace fuska.

Washegari da safe na gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934. Ba lokacin biki ba ne, masunta kaɗan ne a bakin ruwa da gorunansu. Ina kallon wani dattijo yana gyaran homa, sai abin ya faɗo mini. Na roƙe shi tsohon yanki, ya ba ni, ya ƙi karɓar ko kwabo. Tela ya ɗinka mana ragar a kan tsagar yadin. Yanzu takardar ba ta samun hanya gaba ɗaya, sai ta ratso ɗaya bayan ɗaya, tana juyi a iska kafin ta sauka.

Saura haske, kuma nan ne aikin yake. Da fitilar gaba, takardar ɓacewa take yi a jikin farin bango. Muka rufe bangon da baƙin yadi, muka kashe ta gaba, muka ajiye fitilun sola biyu a gefe da gefe suna haskowa a kwance. Nan take kowane yanki ya fito fes yana walƙiya. Fankoki kuwa dole a kashe su duka, in ba haka ba takardar a kan manyan baƙi za ta ƙare.

Da yamma abokina ya zo da wani kawunsa, tsohon injiniya da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet tun kafin ta rushe a 1991. Ya zauna a layin gaba ya dogara da sandarsa. Muka yi fitowar, yara biyu a bayan labule suna kaɗa kwano da busa don ƙarar iska. Da muka gama ya yafuto ni.

"Ɗiyana, wanga ƙara ta mi ce?"

Na ce, "Ta iska ce, Baba."

Ya girgiza kai. Ya ce ranar da ya fara ganin dusar ƙanƙara, abin da ya tsorata shi shirun ne. Ruwan sama yana sallama a kan kwano, ita kuwa sai dai ka buɗe taga ka tarar gari ya yi fari, ko takun mutane ba ka ji sosai. Ya ce kuma yaron da ke jan igiya ya rage hanzari. Na kira yaron na ce ya ja daidai da numfashinsa, shaƙa ɗaya, ja ɗaya.

Daren Juma'a ɗakin ya cika har tagogi. Da fitowar ta zo aka kashe fitilar gaba, ba kiɗa, ba busa. Yaron ya buɗe wasiƙar, takarda ta fara sauka a kan hularsa da kafaɗunsa a hankali. Ɗakin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit. Daga inda nake tsugune a gefen dandamali ina jin wata tsohuwa tana cewa, "Wayyo, ɗan mutane, sanyi zai kashe shi." Wata yarinya ƙarama ta zame daga cinyar uwarta ta miƙa tafin hannu. Na waiwaya wajen Baba, ya cire tabarau yana goge ido da bakin rigarsa.

Bayan an watse muka share takardar, muka tankaɗe ƙurar da rariya, muka mayar a buhu don a bar wa makarantar. Baba bai tafi ba sai da ya sa na cika masa aljihu da ita, ya ce jikokinsa zai nuna wa. Da asuba abokina ya raka ni tasha, na hau motar farko mai zuwa Sakkwato don in riski ta Gusau da sauran rana.