Kafin ka rage wa babur nauyi, ka san inda za ka taɓa

Ƙannena masu sha'awar babur, abin da zan faɗa muku daga kuɗin da muka ɓata da kayan da muka lalata ya fito, mu da muka riga ku shiga wannan harka. Yawancinmu da ƙananan abubuwa masu sheƙi muka fara, su notuna masu launi da murfin tanki da hannun birki na alminiyam. Bayan aljihu ya ƙone sai a ɗora babur a sikeli, a tarar ko rabin kilo bai ragu ba.

Saboda haka sikeli ne farkon aiki. Ko na awon mutum ya isa idan babur ɗin ba babba ba ne. Ka ɗora tayar gaba a kai, ka sa katako mai tsayi ɗaya da sikelin a ƙarƙashin ta baya, ka rubuta abin da ya nuna, sannan ka juya ka haɗa biyun. Ka lura da man da ke tanki, domin litar fetur tana kai wajen giram 740, wato lita 12 kusan kilo 9 ke nan. In ka auna yau da cikakken tanki, gobe da rabi, kanka kawai ka yaudara. Kada kuma ka manta da naka nauyin. Babur mai kilo 150 da mahayi mai kilo 70 sun tashi 220, cire kilo biyu daga ciki bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

To me ya sa wani ke cire kilo biyu ya ji babur ya canza, wani kuma bai ji komai ba? Daga wurin da aka cire ne. Taya da wili da farantin birki ba a kan shakazoba suke zaune ba, a ƙarƙashinta suke. Duk lokacin da taya ta daki tudu, wannan nauyin ne ke yin sama, kuma shakazoba ce za ta mayar da shi ƙasa. In ya yi yawa taya tana jinkirin komawa kan kwalta, riƙon hanya ya ragu. Ga shi kuma suna juyawa. Injin yana tura su gaba, yana kuma juya su, don haka kilo ɗaya a bakin wili ya kusa zama biyu a wajen tashi da tsayawa. Wili mai nauyi a guje ba ya son sauya hanya, shi ya sa kan babur ke yin tauri a kwana.

Hanya mafi sauƙi a nan ita ce taya. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta a nauyi, sai ka auna kafin ka saya, amma lambar kayan da taya ke iya ɗauka da ta gudu, waɗanda ke rubuce a gefenta, kada su gaza abin da kamfani ya tsara. Wili kuwa, na alminiyam da aka matse da injin ya fi wanda aka zuba a narke ƙarfi da rashin nauyi. Na maganiziyam ya fi su duka sauƙin ɗauka, sai dai da zarar fenti ya kankare ruwa ya shiga, ya fara ciwuwa. Na kabon yana iya tsagewa ta ciki bayan ya faɗa rami, waje kuwa lafiya lau. Wilin da ba sunan kamfani a jikinsa, komai kyansa, ni ba zan ɗora raina a kai ba.

A manyan babura akan sauya sarƙa mai lamba 530 da 520. Tazarar ƙullinsu ɗaya ce, 520 ta fi siranta ne kawai. Dole a canza sarƙar tare da farantan haƙora biyu, na gaba da na baya, kuma a sayi wadda ƙarfinta ya dace da injin. Farantin baya na alminiyam yana rage nauyi, amma haƙoransa suna saurin cinyewa, musamman inda akwai yashi. Na gaba a bar shi na ƙarfe. A ƙaramin babur mai sarƙa lamba 428, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba.

Batir na daga cikin wuraren da kilo ke fita da gaske, domin na lithiyam yakan yi kasa da rabin nauyin na dalma. Kafin ka sa shi, ka tayar da injin, ka ɗan ba shi wuta, ka auna cajin da ke shiga batir. In yana haura volt 14.6, na'urar daidaita caji ta lalace ko ba ta dace ba, kuma za ta kashe sabon batirin. Kada a haɗa shi da cajar batirin dalma mai tura wuta da ƙarfi don farfaɗo da mataccen batir. Ba ya kuma jure a bar shi ya zuƙe gaba ɗaya.

Salansa, wato tukunyar fitar da hayaƙi, ma haka. Ta kamfani tana da nauyi, a babban babur ana iya sauke kilo uku ko fiye. Amma da hayaƙi ya sami hanya a buɗe, iska takan rinjayi mai a cikin injin. Za ka ji harbe-harbe in ka saki totur, injin ya riƙa zafi fiye da da, bakin fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. In aka bar shi haka, bawul ko fistin ne zai biya. Sai an gyara kafireta, ko a sake saita kwamfutar injin. Ka kuma bincika dokar ƙara da ta hayaƙi a inda kake hawa.

Yanzu wurin da na fi jin tsoro, notuna. Alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, shi ya sa yake jan hankali. Amma dubi kan notin da ke riƙe birki ko injin, za ka ga 8.8 ko 10.9. Wannan lambar ƙarfinsa ce, kuma notin alminiyam bai kai nan ba. Alminiyam kuma yana gajiya da jijjiga, ya tsinke ba tare da ya lanƙwasa ya gargaɗe ka ba. Wurinsa robobin jiki da murafu. Birki, sandar da ta ratsa wili, mariƙin injin, kan babur, matakin ƙafa, duk a bar su da ƙarfensu. Notin taitaniyam, wani ƙarfe mara nauyi, mai daraja ta 5 yana da ƙarfin, amma zarensa yana cijewa in ba a shafa masa man hana cijewa ba, kuma noti mai mai a jiki yana matsuwa fiye da busasshe ko da ƙarfin ɗauri ɗaya ne.

Huda shasi ko hannun birki don a rage giram kaɗan, kada ku yi. Daga bakin rami tsaga ke farawa. Ƙarafunan nan na ƙarshen kan babur ma ba ado ba ne, jijjiga suke kashewa, in ka cire su hannu zai riƙa mutuwa a doguwar tafiya. Murfin sarƙa da madubi su zauna. Abin da ake cirewa kyauta ba haɗari shi ne kariyar ɗaukar kaya da ba a ɗora mata komai, da tarkacen da suka taru a ƙarƙashin kujera.

In kilo da dama sun fita, shakazoba tana nan da saitin tsohon nauyi, babur zai yi tsalle-tsalle. Ka ɗaga tayar baya sama, ka auna daga sandar wili zuwa wata alama a jikin babur daidai samanta. Ka sauke, ka hau da kayan da ka saba hawa da su, wani ya sake aunawa. Bambancin ya kamata ya faɗa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar da wilin ke yi sama da ƙasa. In bai kai ba, ka sassauta sifirin ɗin shakazoba mataki ɗaya ka sake awo. Haka za ka yi wa gaba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a hau a gwada, don in jijjiga ko wata ƙara ta ɓullo a san daga ina ta fito.