Notin salansa guda ɗaya da ya ci min sati biyu

Ƙannena masu son kwance inji a gida, ku zo ku ji wautar da na tafka ko Allah zai sa wani ya tsira. Motata ce ta fara haɗa ruwa da mai, gasket ɗin tof silinda, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin murfin saman inji, ya ƙone, na ce ba sai na kai wa kowa ba ni zan buɗe abina. Komai na tafiya lafiya lau har na iso kan manifol, ƙarfen nan da ke kwaso hayaƙin silinda huɗu ya zuba a salansa. Noti takwas ne, bakwai sun fito da ƙyar da jiɓin goshi, na takwas ɗin kuwa yana can ƙasa ta bayan inji inda hannu ma da ƙyar yake shiga, ido ba ya ganinsa sai lalube.

To ni da gaggawa sai na zura filat sifana a karkace na ja. Ta zame. Na sake ja ta sake zamewa, kafin in farga kan notin ya cinye ya koma kamar zobe. Filat sifana gefe biyu kawai take kamawa, idan noti ya yi tsatsa ba aikinta ba ne sam, kuma ko ring ko soket za ka sa ka nemi mai kusurwa 6, mai 12 ɗin nan a kan tsinin noti take kamawa, shi ya sa take saurin cinye shi. Wani abin da ban sani ba a lokacin, tsatsa tana rage girman noti, wanda asalinsa 13 ne sai ka ji soket 13 tana rawa a kai, nan sai ka kankare shi da burushin waya ka buga masa 12 da guduma ta zauna daram. Ni dai a ƙarshe hakan na yi, ta kama, amma maimakon in bi a hankali sai na ɗauko bututu na zura a hannun sifanar na danna da duk ƙarfina. Na ji ƙas, har na yi murna wai ya kwance. Ashe stod ɗin ne, wato sandar ƙarfe mai tiredi da notin ke hawa kanta, ya karye, daidai fuskar tof silinda.

Ku gane, notin salansa ba irin sauran ba ne. Kullum aka tada mota wajen yana yin zafin da ya kai ɗaruruwan digiri, a kashe ya huce, shekara da shekaru ga ruwa ga laka, noti da stod sai su zama kamar abu ɗaya. Kuma stod ɗin siriri ne, yawanci milimita 8 ko 10, mai 8 ɗin ɗaurinsa bai wuce wajen Nm 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ba, ka ga ai ba abin hawa da bututu ba ne. Abin da yake so shi ne a jiƙa shi da man fesawa mai narkar da tsatsa tun kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, ana fesawa ana ɗan ƙwanƙwasa shi, sannan in ka zo ka fara ɗan ɗaure shi kaɗan tukuna, ka kwance kaɗan, ka mayar, ka fesa, haka dai gaba da baya har ya saki. In ka ji yana juyawa da wani irin laushi ba tare da ƙara ba ka tsaya, ba noti ne ke juyawa ba, stod ne ke murɗewa. In kuma stod ɗin ya biyo notin suka fito tare ka gode wa Allah, ba matsala ba ce.

Wauta ta biyu ta fi ta farko. Bayan na sauke tof ɗin na huda guntun stod ɗin da dirila, ramin ma bai zauna a tsakiya ba, na murɗa masa wannan ƙarfen ciro karyayyen noti mai tiredin hagu, shi ma ya karye a ciki. Kuma abin nan ya fi bakin dirila tauri, ba ya huduwa, wallahi ranar zama na yi a ƙasa ina kallonsa kawai. Gara ma da na tsaya nan, don a bayan ramukan nan akwai hanyar ruwa, ka zurfafa ko ka karkace ka huda ta shi ke nan ka jawo wani sabon aiki.

Mai walda ne ya cece ni. Ya ɗora wasa, wato faifan ƙarfen nan mai huda da ake sa wa noti, a kan guntun ya ɗiga walda, ya ɗora noti a kai ya cike cikinsa, ya bari ya huce ya rinƙa juyawa a hankali, sau uku notin yana ɓallewa a na huɗu guntun ya fito. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, tof ɗin kuma na alminiyom ne, shi ya sa bai ji komai ba, zafin kuma shi ke kashe tsatsar. Amma fa ku yi hattara da wutar gas, noti ake gasawa ba tof ba, alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660 kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka, sannan in inji na cikin mota ne ka cire kan batir ka duba inda tiyon fetur ya bi.

Sai dattijon mai waldar ya dube ni ya ce, yaro, tunda tof ɗin za ka sauke me ya kai ka kokawa da noti a lungu? Na rasa ta cewa. Ai da na raba salansa daga ƙasa inda manifol ya haɗu da bututu, na zare wayar sensa, sai mu kama ni da wani mu ɗago tof ɗin da manifol ɗinsa gaba ɗaya, a kan tebur kowane noti yana kallona soket ta shiga a miƙe. A motoci da yawa hakan na yiwuwa. Inda bai yiwu ba sai ka buɗe wa kanka hanya, ka cire faifan tare zafi, ka cire duk abin da ya tokare ko da alteneta ce ko kik, wani lokacin ta ƙasa ko ta gefen taya doguwar ekstenshan, wato sandar ƙara wa soket tsawo, ke isa, amma kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Minti talatin na ƙi ɓatawa wajen cire abu biyu.

Da na zo haɗawa sabbin stod da noti na sa duka takwas, na shafa musu man tagullar nan mai jure zafi, na ɗaure daga tsakiya zuwa gefe. Guntun stod ɗin da notin waldar a kansa har yau yana cikin akwatin sifanuna.