Bin Sawun Sanƙarau a Cikin Maƙalun Mutum Ɗaya

Lokacin da na fara karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, da yawan maƙalu nake auna darajar mai bincike, domin haka na tarar ana yi a jami'o'inmu, inda ƙarin girma yakan rataya a kan adadin abin da mutum ya wallafa a mujallu. Malamin da ke duba aikina ne ya sauya mini wannan tunani. Ya ce in nemo jerin maƙalun Farfesa Brian Greenwood, in ware waɗanda suka shafi sanƙarau, in karanta su bisa tsarin shekarun da suka fito. Ya ƙara da cewa, "Kada ka tsaya ƙirga su, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawu, in ka gama ka zo ka faɗa mini tambayar da mutumin nan yake yi."

Greenwood likita ne ɗan Ingila wanda ya zo Najeriya a 1965, ya fara aiki a Ibadan, sannan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1970, ya yi shekara goma a can kafin ya tafi Gambiya ya jagoranci cibiyar bincike, daga bisani ya koma Landan. Maƙalunsa ɗaruruwa ne, sun haɗa da zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu na yara, amma ni na tsaya a kan sanƙarau kamar yadda aka umarce ni.

Maƙalun farko sun riƙe ni fiye da yadda na zata, saboda wuraren da ake ambata a cikinsu namu ne, Zariya da Malumfashi, kuma yanayin da suke bayyanawa shi ne wanda kowa ya taso a cikinsa. Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa sanƙarau ciwon zafi ne, yana tasowa idan hunturu ya ja baya bazara ta kama, yana kuma lafawa da saukar ruwan farko. Abin da masu binciken suka ƙara a kan wannan sani shi ne sun riƙa ɗaukar samfur daga maƙogwaron mutane masu lafiya a lokuta daban-daban na shekara, suka ga cewa ƙwayar cutar ba ta ɓacewa da damina, tana nan tana yawo tsakanin jama'a ba tare da ta kwantar da su ba. Ke nan abin da rani ke sauyawa shi ne yawan waɗanda ƙwayar ke ratsa jikinsu ta kai ga jini da rufin ƙwaƙwalwa, suka kuma kawo hasashen cewa bushewar iska da ƙura ne ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. A nan na fara gane cewa bincike mai kyau ba ya raina abin da mutanen gari suka sani, yana ɗaukarsa ne ya tambayi dalilinsa.

Akwai wata maƙala ta 1979 da na karanta sau uku. An gwada allura guda ɗaya tak ta chloramphenicol da aka haɗa da mai, wadda ke daɗewa tana aiki a jiki, a matsayin maganin sanƙarau. Duk wanda ya taɓa ganin asibiti a lokacin annoba, marasa lafiya kwance har ƙarƙashin bishiya, ma'aikatan jinya kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ya san darajar maganin da ba sai an maimaita shi kowane awa shida ba. Sunan farko a kan maƙalar shi ne na Dakta Sadiq Wali, kuma a kanta ne Malam ya koya mini karanta jerin sunaye: a al'adar mujallun likitanci, na farko shi ne yawanci ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe kuma babba ne mai jagora. Da na koma kan jerin da wannan ido, sai na lura cewa sunan Greenwood yana matsawa baya yayin da shekaru ke tafiya, sunayen matasan masu bincike, da yawansu 'yan Afirka, suna hawa gaba. A ganina wannan ma'auni ne da ya fi adadi gaskiya, domin yana nuna ko mutum ya raini wasu ko kuwa kansa kaɗai ya gina.

Darasin da ya fi yi mini nauyi shi ne na haƙuri. Rigakafin da ake da shi a shekarun Zariya an yi shi ne daga sukarin da ke ɓawon ƙwayar cutar, kariyarsa ba ta daɗewa, ba ya aiki sosai a jikin ƙananan yara, kuma ba ya hana mutum ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro ya yaɗa ta. Saboda haka sai annoba ta ɓarke ake gudun neman allura. A 1996 aka ga iyakar wannan tsari, lokacin da mutum fiye da 250,000 suka kamu a faɗin yankin sanƙarau na Afirka, wato jerin ƙasashen kudu da Sahara da cutar ta saba addaba, kimanin 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai an ƙirga sama da 100,000 da suka kamu da fiye da 11,000 da suka rasu, kamar yadda Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka wallafa daga baya. A 2001 aka kafa shirin samar da sabon rigakafi, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa shi a kan farashin da bai kai rabin dala ba, aka kuma fara yin allurar wannan rigakafi mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010. Maƙalar da ta auna tasirinsa a Chadi ta fito a mujallar Lancet a 2014: bayan an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 allura, sanƙarau ya yi ƙasa da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi rigakafin idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi ba, ƙwayar rukunin A kuma, wato nau'in ƙwayar sanƙarau da aka yi wannan rigakafi dominsa, ta kusa ɓacewa daga maƙogwaron jama'a. Sunan farko na Daugla ne, ɗan Chadi, na ƙarshe kuma na Greenwood. Tsakanin maƙalun Zariya da wannan akwai kusan shekara arba'in, tambayar kuwa ba ta sauya ba: me ke faruwa a maƙogwaro, kuma ta yaya za a tare cutar a can? Amsar da na kai wa Malam ke nan.

Wata gajeriyar maƙala ta 1975 ta ba da rahoton sanƙarau na rukunin C a arewacin Najeriya, a zamanin da hankalin kowa ke kan rukunin A. Da na karanta ta, sai na tuna 2015 a Nijar da 2017 a Zamfara da Sakkwato, inda rukunin C ɗin ne ya kashe mutane da yawa bayan an danne A, abin da ya ƙara nuna buƙatar rigakafin da ya haɗa rukuni biyar, wanda Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da shi a 2024. Tun daga lokacin na daina tsallake tsofaffin maƙalu don kawai ba a yawan ambatonsu.

Sai dai jerin maƙalu yana da abin da ba ya nunawa, kuma sai da na fita aikin fili da kaina na ga haka. Kowane adadi a cikin jadawali yana da mai unguwar da ya tara mutane, da ma'aikaciyar lafiyar da ta yi bayani da Hausa har uwa ta amince a taɓa ɗanta, da direban da ya kai samfur ɗakin gwaji kafin zafin rana ya lalata shi. Yawancinsu layi biyu na godiya suke samu a ƙarshen maƙala, kuma sakamakon yakan fito da Turanci a mujallar da ba za su taɓa gani ba. A ƙaramin binciken da na yi na kammala digiri, na roƙi Malam ya bar ni in koma ƙauyukan da muka yi aiki kafin in miƙa kundina. Muka zauna a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar, na faɗa musu abin da muka samu, suka yi mini tambayoyi, biyu daga ciki ban taɓa tunaninsu ba, na rubuta su a littafina a matsayin mafarin aiki na gaba.