Yadda Muka Shawo Kan Saƙonnin Banza a Akwatunan Imel na Ofishinmu

Ni ne nake kula da kwamfutoci da harkar intanet a wani kamfani da ke Sabon Garin Zariya, wanda yake sayar da iri da taki da magungunan feshi ga manoma da dillalai daga Giwa da Soba da Maƙarfi. Kamar sauran ƙananan kamfanoni, muna da adiresoshin imel na tarayya a ƙarƙashin sunan kamfanin: akwai na tambayoyi, wanda aka buga a allon ƙofa da takardun rasit, akwai na sashen kuɗi, akwai kuma na ciniki. Tsarin da na tarar shi ne babu mai buɗe waɗannan akwatuna kai tsaye, sai dai duk saƙon da ya shigo sabar, wato kwamfutar da take karɓa da aika imel ɗin kamfanin, ta tura shi da kanta zuwa akwatunan ma'aikata na ƙashin kansu, waɗanda galibinsu na Gmail ne, domin shi ne kowa yake da shi a waya.

Adireshin da ya daɗe a fili ba ya rasa baƙin da ba a gayyata ba. Tallace-tallacen magunguna da alkawuran bashi marar ruwa da takardun biya na jabu suna ta shigowa, sabar kuwa ba ta tantance komai, tana miƙa su gaba tamkar saƙonnin arziki, kuma kowane ɗaya yana ninkuwa daidai da yawan ma'aikatan da ake tura wa. Da farko abin bai wuce ƙorafin cikar akwati ba. Daga baya sai saƙonnin gaskiya suka fara makara da sa'o'i, wasu ma ba sa isowa, sannan dillalanmu na Kano da Legas suka fara cewa takardun farashin da muke aika musu a jakar saƙonnin banza suke samun su. Wannan ya faru ne gab da faɗuwar damina, lokacin da farashin buhun taki yake iya sauyawa tsakanin safe da yamma.

Da na zauna na karanta bayanan sabar, sai na ga amsar da ake ba mu tana ta maimaituwa da lamba 421 4.7.28, wadda ke nufin an lura da yawan saƙonnin da ba a nema ba suna fitowa daga adireshin IP ɗinmu, wato lambar da ake gane sabarmu da ita a intanet, don haka an rage mana gudu na ɗan lokaci. A nan ne na fahimci abin da na ɗauka shi ne ginshiƙin maganar duka. Sabar da take karɓar saƙo, wanda ya miƙo mata take gani, kuma shi take yi wa hisabi. Lamarin kamar na direban da aka tsayar a shingen bincike ne aka sami haramtaccen kaya a motarsa: shi za a riƙe, ko da wani ne ya yi lodi a tasha. Duk lokacin da wani ma'aikaci ya danna alamar ƙorafi a kan saƙon banza da ya iso masa ta hanyarmu, martabar sabarmu ce take raguwa, alhali shi yana ganin ɗan damfara ya hukunta.

Ɓangare na biyu ya fi wuyar ganewa, domin ya shafi saƙonnin da ba su da laifin komai. Akwai matakai uku da ake tabbatar da asalin imel da su a yau. SPF jeri ne da mai sunan yanki, wato sunan da yake bayan alamar @ a adireshin imel, yake wallafawa a DNS, kundin sunayen intanet, yana faɗin sabobin da aka yarje wa su aika saƙo da sunansa. DKIM sa hannu ne na lissafi da ake liƙa wa saƙo, wanda yake ɓaci idan aka taɓa jikin saƙon ko takensa. Shi kuwa DMARC, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a shekarar 2015, yana ba mai yankin damar ya ce a ƙyale ko a killace ko a ƙi karɓar duk saƙon da bai ci ko ɗaya daga cikin matakan biyu ba ta yadda ya dace da sunan da mai karatu yake gani. To, idan banki ya aiko mana da sanarwa muka tura ta gaba, adireshin sabarmu ba ya cikin jerin bankin, saboda haka SPF ya faɗi ke nan, abin da ya rage sai sa hannun DKIM. Na buɗe asalin wani saƙo daga kamfanin da yake kawo mana iri, na ga an rubuta spf=fail, a ƙasa dkim=fail, sannan dmarc=fail. Da na bi sawu sai na tarar an taɓa saita sabar ta riƙa ƙara sunan akwatin da saƙon ya shigo a gaban takensa, don ma'aikaci ya san na wane sashe ne. Wannan ɗan ƙarin, da aka yi shi da kyakkyawar niyya, shi ne yake rusa sa hannun.

Lamarin ya ƙara tsanani tun daga Fabrairun 2024, lokacin da Google da Yahoo suka fara aiki da sababbin sharuɗɗa. A wajen Google, duk mai aikawa sai ya kasance da SPF ko DKIM, wanda yake aika saƙo 5,000 ko fiye a rana kuma sai ya kasance da duka biyun ya haɗa da DMARC, sannan ƙorafin da ake yi a kan mai aikawa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mu ba mu kusa da 5,000 ba, amma manyan masu hulɗa da mu sun tsaurara nasu matakan, kuma saƙonninsu ne suke karyewa a hannunmu.

Da na kai wa mai kamfanin bayani, bai tsaya kan haruffan ba. Ya ce, "Malam, ni dai kada saƙon ciniki ko ɗaya ya ɓace. In ya so a bar tarkacen su shigo, yara su share." Na ce, "Ranka ya daɗe, barinsu su wuce ɗin shi ne yake ɓatar da na cinikin." Ya yi shiru, sannan ya ce in yi abin da ya dace, amma da sharaɗin kada na'ura ta goge komai ba tare da mutum ya gani ba. Ina ganin sharaɗin nasa daidai ne, kuma a kansa na gina sauran aikin.

Abu na farko da na yi shi ne rufe akwatin nan mai karɓar duk saƙon da aka aiko wa kowane suna a yankinmu, ko da babu mai wannan sunan. Masu saƙon banza suna cankar sunaye ne barkatai, wannan ƙofa kuwa a buɗe take gare su duka. Rufe ta kaɗai ya rage nauyin sosai. Na kuma cire ƙarin da ake yi wa taken saƙo.

Daga nan na koma kan tacewa. Sabarmu tana da SpamAssassin, manhajar da take ba kowane saƙo maki gwargwadon alamun zargi, kuma a saitinta na asali duk wanda ya kai maki 5 ana ɗaukarsa na banza. Manhajar tana aiki, amma hukuncinta bai hana turawa ba. Na nemi kamfanin da muke hayar sabar a wurinsa ya kunna saitin da yake hana tura irin waɗannan saƙonni zuwa waje, ya kuma kunna SRS, dabarar da take sake rubuta adireshin ambulan ɗin saƙo, wato wanda sabobi suke dubawa ba wanda mai karatu yake gani ba, da sunan yankin mai turawa don SPF ya wuce. Ya kamata mai niyyar bin wannan hanya ya sani cewa SRS ba ya warware matsalar DMARC, domin sunan da ya ci gwajin namu ne, ba na asalin mai saƙon ba. Har yanzu sa hannun DKIM ne abin dogaro. Akwai kuma ARC, wanda aka wallafa a 2019 don mai turawa ya ba da shaidar yadda ya sami saƙon, sai dai mai karɓa yana da zaɓin ya yarda da shaidar ko ya ƙi.

Wani abin da na hana shi ne mayar da saƙon banza ga wanda ake zaton ya aiko shi bayan an riga an karɓa. Adireshin da ke kai galibi na sata ne, don haka amsar tana faɗawa ne a akwatin bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma hakan kan jefa sabar cikin baƙin jerin ƙungiyoyin da suke sa ido a kan masu aika tarkace. Ko dai a ƙi saƙo tun a bakin ƙofa lokacin da ake miƙo shi, ko a karɓa a killace shi a jaka.

Duk da waɗannan gyare-gyare, hukuncin da na yanke a ƙarshe shi ne turawa zuwa akwatunan ƙashin kai ba ta dace da ofis ba tun asali. Ma'aikaci yana amsa wa abokin ciniki da adireshinsa, sauran ba su san an amsa ba, kuma ranar da ya bar aiki sai ya tafi da tarihin cinikin shekaru a wayarsa, abin da bai yi daidai da nauyin da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi komai tayar mini da hankali a sashen kuɗi, wato saƙon da yake zuwa da sunan dillalin da aka sani yana cewa an sauya lambar asusun banki. Idan ya biyo ta hanyar turawa, alamun da za su tona shi sukan cakuɗe da na turawar kanta. Saboda haka na saka akwatunan tarayyar a wayoyin waɗanda abin ya shafa ta hanyar IMAP, tsarin da yake ba waya damar buɗe akwatin da ke kan sabar kai tsaye, yadda kowa yake ganin akwati guda, da abin da aka karanta da abin da aka amsa. An sha gunaguni a makon farko, musamman daga masu ƙaramar waya, amma manhajar Gmail ɗin da suka saba da ita tana karɓar irin wannan akwati, don haka ba su koyi wani sabon abu mai yawa ba.

Jakar da aka killace kuma na ɗora wa sakatariya alhakin duba ta kowace safiya kafin ta fara wani aiki, ta fitar da na gaskiya ta sanar da ni, ni kuma in duba dalilin da ya sa aka kama shi kafin in saka mai aikowar a jerin amintattu. Mafi yawan waɗanda ake kamawa bisa kuskure na ƙananan dillalai ne da suke aiko hoton rasit ba tare da take ko rubutu ba. Akantar sashen kuɗi kuma ta ɗauki ƙa'idar cewa duk saƙon sauya asusu sai ta kira dillalin da lambar da take cikin tsohon littafinta, ba wadda aka rubuta a saƙon ba. Turawa ɗaya ce kawai ta rage, wadda take kai wa mai kamfanin sanarwar banki, ita ma sai saƙon ya tsallake tacewa, kuma ba a taɓa ko harafi ɗaya a jikinsa.