Tarkon da na ɗana wa mitar mai injin niƙa

Sau uku cikin wata biyu kuɗin wutar mai injin niƙa yana ɓacewa. Mutum ya sa kati da safe, kafin la'asar mita ta nuna masa sifili ta yanke wuta, ga yara sun jera kwanukan masara da dawa suna jira. A karo na uku bai ma kira ofis ba, mai kula mana da tashar ya tare a ƙofar masallaci, ya ce a zo a cire mitar, zai koma wa tsohon injinsa na dizal.

Ƙaramar tashar sola ce a wani ƙauye, tafiyar kusan awa huɗu daga inda nake zaune. A ɗakin batura akwai wata 'yar kwamfuta mai furosesa x86-64 da Linux a kanta. A cikinta wata manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta na C take zagaya mitoci ɗaya bayan ɗaya ta wayar RS-485, da ƙa'idar Modbus, ta karanta abin da kowa ya sha ta cire daga kuɗinsa. Ba ni na rubuta ta ba, gadonta na yi. Sa'ata ɗaya, wanda ya bar min ita ya ajiye rubutun asali, da kuma fayil ɗin da ke gaya wa GDB, manhajar da ake farautar kuskure a cikin manhajoji da ita, sunan kowane abu da inda yake zaune.

Abu mafi sauƙi shi ne in cusa layukan da za su riƙa rubuta rahoto, in sake haɗa manhajar in tura. Oga ya ce a'a. An taɓa tura sabuwar manhaja ta wannan sabis ɗin mai zuwa da ɗaukewa, kwamfutar ta ƙi tashi, sai da aka sa mutum a mota. Ni ma kuma, in na faɗi gaskiya, ban san abin da zan rubuta a rahoton ba tukuna.

Sai na koma ga abin da na saba. Na tayar da gdbserver, ɗan aiken GDB da ke zama a kwamfutar da ke nesa, a can, na ratso shi ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa mai tsaro, don shi gdbserver ba ya tambayar kowa kalmar sirri, duk wanda ya sami ƙofarsa ya sami kwamfutar. Na haɗa GDB daga nan, na kafa shinge da `break` a aikin da ke cire kuɗi. Manhaja ta iso shingen ta tsaya, na fara duba ƙimomi a hankali kamar ina cikin ofis. Sabis ya ɗauke. Abin da ban lissafa ba shi ne, idan haɗi ya yanke gdbserver ba ya sakin manhajar, yana riƙe ta a inda ta tsaya yana jiran in dawo. Su kuwa mitocinmu an saita su ne in suka yi minti biyu ba su ji daga kwamfutar ba su yanke wuta. Wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, lafiya kuwa? Garin nan gaba ɗaya ya yi duhu, ga shi yara na kallon ƙwallo."

"Malam, yi haƙuri, daga wajena ne. Taimaka ka shiga ɗakin batura ka kashe ƙaramar kwamfutar nan ka kunna."

A daren na zauna da littafin jagorar GDB, na kai wani rataye can ƙarshe da ban taɓa buɗewa ba, wanda ke bayanin yadda ake aika ƙaramin lissafi can wurin manhajar a yi shi a can. Dabarar ta tsufa. GDB kansa Richard Stallman ya fara shi a 1986, wannan ɓangaren kuma a kamfanin Cygnus aka rubuta shi a 1998, don na'urorin da tsayar da su ke lalata aikin da suke yi. Sai a GDB 7.2, a 2010, gdbserver na Linux ya iya shi a kan x86.

Da shinge, duk tambayar da za a yi sai ta yi tafiya. Manhaja ta tsaya, GDB ya tambayi adireshi, a amsa masa, ya tambayi abin da ke cikin adireshin, a sake amsawa, kowace tambaya zuwa da dawowa ta sabis ɗin ƙauye. Da tarko, wato umarnin `trace`, GDB yana fassara tambayar tun kafin a fara, ya mayar da ita jerin ƙananan umarni da ake kira baitkod, ya aika sau ɗaya. Gdbserver ya riƙe ta. Duk sanda manhaja ta taka wurin, shi zai yi lissafin, ya kwashi abin da aka ce ya kwasa ya zuba a rumbunsa, ya sake ta ta wuce.

Abin da ya burge ni shi ne yadda aka raba aikin. Duk wahalar tana wajen GDB: shi ya san C, shi ya san cewa `m->tsoho` na nufin ka ɗauki adireshin da ke cikin rajista kaza, wato ɗan ma'ajin da ke cikin furosesa, ka ƙara masa 24. Gdbserver da ke can bai san sunan komai ba, bai san nau'in komai ba. Tari kawai gare shi, kamar tarin faranti, na sama ake ɗauka, kowane faranti lamba ce mai bit 64. Kowane umarni bayit ɗaya ne, wasu da 'yan bayit na ƙarin bayani a bayansu. Akwai umarnin `maint agent-eval` da ke nuna maka fassarar ba tare da an aika komai ba. Sharaɗina na `sabo < m->tsoho`, wato sabon karatun mita ya gaza tsohon, in na rage ƙananan layuka, haka ya fito:

`reg`, `zero_ext 32`, `reg`, `const8 24`, `add`, `ref32`, `less_unsigned`, `end`

Ɗora rajistar da ke riƙe da sabon karatu, a yanke ta zuwa bit 32. Ɗora rajistar da ke riƙe da adireshin mita, ɗora 24, haɗa su. `ref32` ya ɗauke adireshin ya maye gurbinsa da bayit huɗun da ke wurin. `less_unsigned` ya ɗauke biyun ya bar 1 ko 0. Shi ke nan. `add` lambarsa 0x02, `end` kuma 0x27, kuma idan ka kunna `set debug remote 1` za ka ga su suna wucewa a cikin QTDP, saƙon da GDB ke aika tarko da shi, tsirarun haruffa.

Kada a ce wai manhajar ba ta tsayawa sam. Tarko na yau da kullum yana sa umarnin katsewa a wurin, manhajar ta dakata, gdbserver ya yi aikinsa, ta ci gaba. Bambancin shi ne dakatawar ba ta jiran sabis, ba ta jiran hannuna. Modbus a gudun 9600 yana raba saƙo da saƙo da shirun haruffa uku da rabi, kusan milisakan 4, kuma tarkona bai taɓa sa an rasa saƙo ba. Akwai mai sauri, `ftrace`, wanda ke maye umarnin da tsalle zuwa wani ɗan wuri a cikin manhajar kanta, har ma ya mayar da baitkod ɗin sharaɗi yaren furosesa kai tsaye. Amma yana buƙatar a loda libinproctrace.so a cikin manhajar, ni kuwa ba zan sake kashe ta ba bayan abin da na jawo. Na bar shi.

Tarkona na farko haɗama ta kashe shi. Ban sa sharaɗi ba, na ce `collect $regs, $locals, $args`, a kwaso komai. Rumbun gdbserver megabayit 5 ne in ba ka canza ba, kuma in ya cika sai a daina. Da safe `tstatus` ya ce min an tsaya saboda rumbu ya cika, cike da karatun mitoci masu lafiya ƙalau.

Na biyu ya koya min abin da ya fi zafi. Na ce `collect amsa`, ina nufin saƙon da mita ta turo. Da na buɗe da `tfind` na nemi abin da ke ciki, sai GDB ya ce `<unavailable>`, wato babu shi. Ashe adireshin kawai na kwaso, ban kwaso abin da yake nunawa ba. A shinge irin wannan ba komai ba ne, sai ka sake tambaya, manhajar tana tsaye tana jiranka. A tarko kuwa lokacin ya wuce, abin da ba ka ce a ɗauka ba babu shi, ba kuma za a sake samunsa ba. Na gyara na ce `*amsa@tsawo`, GDB ya ƙi, wai abin da ke bayan `@` dole ya zama tsayayyar lamba. Na sa 16, tunda amsoshinmu ba su kai haka ba. Na kuma so in sa sharaɗi a kan kuɗin mutum, wanda aka ajiye shi a lamba mai ɗigo, nan ma ya ƙi. An ware wa irin wannan lissafin gurbi a jerin umarnin, lamba 0x01, amma ba a taɓa gina shi ba. Za ka iya kwaso bayit ɗin lambar ka duba daga baya, ba za ka iya auna ta a can ba. Kiran wani aiki na manhajar daga cikin sharaɗi ma babu. Da farko haushi na ji, daga baya na ga hikimar: abin da zai yi gudu a cikin na'urar da ba ka kusa da ita, gara ya zama ƙarami wanda ka san iyakarsa.

Daga nan na daina gwaji a kan ƙauyen mutane. Duk layin da zan aika sai na bi shi da `maint agent` a kwamfutata, in ƙirga `trace` da `trace_quick` da ke ciki, don su ne umarnin da ke zuba bayit a rumbu. In ban ga wanda ya kwaso abin da nake so ba, na san ba zan same shi ba.

Tsarin da ya yi aiki tarko biyu ne. Na farko a inda amsar mita ke shigowa, ba sharaɗi, bayit 16 kawai yake ɗauka da lambar mitar da `$trace_timestamp`. Na kunna `set circular-trace-buffer on`, don in rumbu ya cika sabo ya riƙa danne mafi tsufa. Na biyu a wurin cire kuɗi, da sharaɗin nan na sabo ya gaza tsoho, tunda mita ba ta komawa baya. Shi na ba shi `passcount 1`, wato da zarar ya kama sau ɗaya a tsayar da kwasar gaba ɗaya, abin da ya faru kafin nan ya zauna a rumbu ba a danne shi ba. Na sa `set non-stop on` tun kafin in haɗa, don shiga da fitata kada su tsayar da komai, na sa `set disconnected-tracing on` don in sabis ya ɗauke aikin ya ci gaba. Na ce `tstart`, na ce `detach`, GDB ya tambaye ni ko na tabbata, na ce e.

Sai jira. Kowace safiya in haɗa, in ce `tstatus`, in fita. Oga ya fara kallona irin kallon da ake wa wanda ke zaune ba ya komai.

Rana ta goma sha ɗaya mai kula da tashar ya riga ni. "Injiniya, ta sake yi masa fa, yana nan yana faɗa." Ban taɓa jin daɗin mummunan labari irin na ranar ba. Na haɗa, `tstatus` ya ce tarko na biyu ya tsayar da kwasa. Abu na farko da na yi shi ne `tsave`, na sauko da rumbun cikin fayil a kwamfutata, don kada sabis ko wani ya kashe na'urar in yi asarar kwana goma sha ɗaya.

Tsohon karatu 393213, sabo 327681. A haka ba su ce min komai ba. Da na ce `print/x`, wato a nuna su a ƙirgen tushe 16, sai suka yi magana: 0x0005FFFD da 0x00050001. Rabin sama bai motsa ba, rabin ƙasa ya cika ya koma farko. Na ja baya da `tfind -`, mataki bayan mataki, na ga amsoshin mitar kamar yadda suka shigo. Gurbin Modbus bit 16 ne, iyakarsa 65535, don haka jimillar wutar da aka sha gurbi biyu take ci. Manhajarmu tana tambayar rabin sama, ta wuce ta tambayi ƙarfin wuta da sauransu, sannan ta dawo ta tambayi rabin ƙasa, a saƙo dabam. A tsakanin tambayoyin biyu mitar ta tsallaka daga 0x0005FFFF zuwa 0x00060000, mu kuma muka haɗa tsohon kai da sabuwar ƙafa. Da aka cire tsoho daga sabo a lambar da ba ta san ƙasa da sifili ba, maimakon a sami ragin 65532 sai aka sami 4294901764. Wannan aka caje shi.

Nan ma na gane dalilin da ya sa shi kaɗai abin ke bi. Rabin ƙasa yana cika ne duk bayan wat-awa 65536, wato kilowat-awa 65 da rabi. Gidan da ke da ƙwan fitila uku da fanka zai yi watanni bai kai nan ba, injin niƙa kuwa cikin 'yan kwanaki yake kaiwa, kuma a cikin waɗannan ma sai tsallakawar ta faɗo daidai tsakanin tambayoyin biyu.

Gyaran bai kai layi goma ba: a nemi guraben biyu a saƙo guda, da lambar aiki 03 da adadi 2, sannan duk karatun da ya gaza na baya a jefar da shi a sake tambaya. Wannan karon Oga ya yarda, amma ya ce da ƙafata zan kai. Na tafi ranar kasuwar garin, na loda sabuwar manhajar bayan sallar asuba kafin a kunna injina, na bar tarko na biyu a ɗane da sharaɗinsa, na wata guda.

Mai injin niƙa an mayar masa da kuɗinsa na sau huɗu. Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin rabin sama da rabin ƙasa a tsaye a ƙofar shagonsa, ya saurare ni har ƙarshe, ya karkaɗe garin da ke hularsa ya ce, "To Injiniya, ni dai in ta sake, dizal ɗina yana nan."