Falon Gotik irin na gidajen karkarar Ingila: abin da za ka faɗa wa kafinta

Masu kuɗin Ingila sun daɗe suna ƙawata gidajensu na karkara da salon tsofaffin coci-coci, wato salon Gotik. Marubuci Horace Walpole ne ya buɗe ƙofa da gidansa Strawberry Hill, wanda ya fara gyarawa a 1749. Silin ɗin dogon zaurensa kamar sassaƙen dutse yake a ido, alhali takarda ce aka kwaɓa aka zuba a zubi. Mai zanen gine-gine Augustus Pugin, wanda ya tsara falon Eastnor Castle a 1849, bai yarda da irin wannan rufa-ido ba. A wurinsa ado ya fito daga jikin ginin, kada a manna shi daga baya. Mai son falon nan a Kaduna, shawarar Pugin ta fi masa amfani.

A fara da bakan ƙofa mai tsini. Idan faɗin ƙofar santimita 120 ne, a kafa ƙusa a gefen hagu inda bakan zai tashi, a ɗaura igiya mai tsawon 120, a zana. A maimaita daga dama. Inda layukan biyu suka haɗu nan ne tsinin, kusan santimita 104 sama. To ga matsalar: miƙaƙƙen ɓangaren ƙofa mita 2, ƙari santimita 104, ya wuce mita 3, kuma silin ɗin yawancin gidajenmu bai kai haka ba. Sai magini ya danne bakan da ido, ya fito a karkace. Gara tun farko a zaɓi bakan Tudor, mai faɗi da gajeren tsini, wanda ake zanawa daga cibiya huɗu.

Katakon bango ne inda aka fi yin asara. Turawan da itacen oak suke yi, a sassaƙa kowane allo kamar ƙyallen da aka ninke. A nan madaci ko iroko sun isa, muddin sun bushe sosai. Allon tsakiya ba a sa masa gam, ba a buga masa ƙusa. Ana fere tsagi a jikin firam a zura shi ciki, a bar masa sararin milimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe. Da damina katako yana kumbura, da hunturu ya tsuke, wanda aka ɗaure kam kuwa kafin Fabrairu ya tsage daga sama har ƙasa. A shafa maganin gara a bayan allon, a kuma bar ɗan rata tsakaninsa da bango don iska.

Tayil ɗin kamfanin Minton da Turawan suke shimfiɗawa, zanensa yumɓu ne mai launi daban aka cusa cikin jikinsa, shi ya sa takawa ba ta goge shi. Na kasuwa mai zane a sama kawai, kada a sa shi a bakin ƙofa.

Fitila mai rassa da maƙalan ƙofa na baƙin ƙarfe, maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna za su ƙera idan ka kai musu zane da awo. Amma jan bango mai duhu da gilashi mai launi irin na wannan salo suna cinye haske, don haka taga ɗaya tak za a yi wa launi, ta yamma, sauran a bar su farare.