Yadda na mayar da ƙorafin wod furofozal ɗin bincike

Mu nas-nas akwai mu da lura, sai dai abin da muka gani a bakin gado yawanci a hirar miƙa aiki yake ƙarewa, a yi ƙorafi a watse. Ni abin da ya tsaya min a rai gyambon kwanciya ne. Tsoho ba ya iya juyawa da kansa, yau ka ga bayan ƙugu ko dunduniya ya yi ja, kafin ka ankara fata ta buɗe, kuma kowa ya san ana juya mara lafiya duk awa biyu amma da dare in hannu ya yi kaɗan wa zai tuna wa aka juya wa aka bari?

To "gyambo ya yi yawa a wod" ba tambaya ba ce, ba mai ba ka izini ko kuɗi a kanta. Tsarin PICO ne ya matse min ita: su waye marasa lafiyan, me za a yi musu, da me za a kwatanta, me za a auna. Sai ta koma, shin manna jadawalin juyi a kan gado zai rage sabon gyambo a tsofaffin da makinsu na Braden, wato ma'aunin haɗarin kamuwa da gyambon kwanciya, ya kai 18 ko ƙasa, in aka gwada da yadda muka saba? Braden ɗin nan daga 6 zuwa 23 yake, ƙaramin maki shi ne babban haɗari, kuma dama muna cike shi kullum, ashe bayanai ne muke ta tarawa a fayil.

Na duba rumbunan binciken lafiya na intanet, PubMed da CINAHL da Cochrane, an yi rubutu sosai kan katifa da juyi, shi ya sa na tsaya kan aikin dare kawai.

Inda aka fi jan ni kwamitin ɗa'a ne, masu duba haƙƙin marasa lafiya kafin a ba da izinin bincike, kuma gaskiyarsu. Tsohon da ya rikice wa zai sa masa hannu a takardar yarda? In na ce ga rukunin da ba jadawali, kada ya zama an rage musu kulawa. Sannan wanda zai duba fata kada ya zama shi ya yi juyin, don mutum ba ya ganin laifin aikinsa.

Mai ƙididdiga kam ku neme shi tun kafin ku rubuta hanyar bincike. Da mai ƙididdigata ya lissafa yawan mutanen da ake buƙata wod ɗaya ba zai isa ba, dole na rubuta binciken a matsayin gwajin farko, babban sai an haɗa da wasu wod.